Gidan da Ba a Rufe Ƙofarsa a Watan Agusta

A ƙasar Filato, dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba da wuya a yi kwana biyu sama ba ta zubo ba, ga hazo, ga sanyin tudu, domin Jos da kewayenta sun kai wajen mita 1,200 a bisa teku. A wannan lokaci ne ikilisiyoyi ke tattara matasansu su kai su sansani, ko "kam" a bakin yaran. Akwai wani irin wannan wuri a bayan wani ƙauye da bai kai tafiyar awa guda a mota daga Jos ba. Dogayen ɗakunan kwana biyu ne masu rufin kwano, na maza can, na mata can, sai babban zaure wanda shi ne majami'a shi ne kuma wurin cin abinci, sai filin ƙwallo mai gangare da rijiyar burtsatse. A tsakiyarsu akwai ɗan gida mai ɗaki uku. Nan mai kula da wurin yake zaune da iyalinsa, rani da damina.

Fasto ne, amma ba shi da ikilisiyar da yake kiwo ranar Lahadi. Wannan fili shi ne hidimarsa. Kowa Baba yake ce masa, matarsa kuwa Mama, har dattawan da suka girme su. Yawancin shekara wurin shiru yake, in ban da taron Zumuntar Mata ko na dattawa jefi-jefi, iyalin kuma suna noman masara da wake a gefen fili. Da Agusta ta kama sai motoci su fara sauke yara rukuni-rukuni, kowane rukuni mako guda, kowane yaro da tabarma ko 'yar katifa a naɗe, da bokiti, da kwano, da Littafi Mai Tsarki a cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi.

Tara matasa irin haka ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1904 mishan ta SUM ta sauka a Wase, daga aikinta kuma ikilisiyar COCIN ta tsiro. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan ta SIM. A Gindiri aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a 1957, ga kuma 'yan Birget maza da mata da suka daɗe suna fita kwanan daji da ganguna da ƙaho. Abin da ya haɗa kan yaran da ke zuwa wannan sansani, bayan bangaskiya, harshe ne. A ɗaki ɗaya za ka sami Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe, wani lokaci da Bajju daga kudancin Kaduna ko Tangale daga Gombe, kuma da Hausa suke rabon wurin shimfiɗa, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa. Kakanninsu da Littafi Mai Tsarki na Hausa suka koyi karatu, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Yanzu 'yan birni sun fi sakewa da Turanci, shi ya sa idan Baba ya hau wa'azi akwai wani saurayi a gefensa yana juyawa. Amma da an ɗauko tulu da caki an tayar da waƙa, mai fassara sai ya nemi wuri ya zauna, don ba wanda ke bukatarsa.

Da asuba ake buga wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, a tashi addu'ar safe. Kafin nan Mama ta daɗe a madafa. Wanda bai taɓa hura wuta da jiƙaƙƙen itace don ciyar da ɗaruruwan bakuna ba, ba zai san abin da ke cikin wannan aiki ba. Hayaƙi ne yake cika rumfar har idanu su yi ja, manyan tukwane a kan duwatsu, ana dama koko da muciya mai tsawon yaro. Matan Zumunta na ikilisiyoyin kusa su ke karɓa-karɓa, yau na wannan ƙauye, gobe na wancan, kuma kowace ta bar gonarta ne a lokacin da ciyawa ba ta jira. Da rana shinkafa da wake, ko gwaten acca da ganye, ko dankalin Turawa idan wani ɗan'uwa daga Bokkos ya aiko da buhu. Da dare tuwon masara da miyar kuka. Mama ce ke riƙe da makullin rumbu, ita ce ke auna mudu, ita kaɗai ta san ko abin da ya rage zai kai Asabar.

Lissafin nan ya ƙara tsanani tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuɗin mota ya tashi, buhun shinkafa ya tashi, kuɗin da ake karɓa a hannun kowane yaro kuwa kwamitin sansanin na jin nauyin ƙara shi, don sun san aljihun iyayen. Yaran ƙauye da yawa mudun masara ko na acca suke kawowa a maimakon kuɗi. Wasu kuma hannu biyu suke zuwa, da 'yar takarda daga fastonsu. Baba ba ya mayar da yaro daga bakin ƙofa, wannan kowa ya sani, kuma ana yabonsa a kai. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, duk yaron da ya ce wa "shigo", a tukunyar Mama maganar take ƙarewa. Ita ce za ta san yadda za ta ƙara ruwa a miya ba tare da ta salance ba.

Tsarin yini ba shi da wuyar faɗi: nazarin Littafi a ƙananan ƙungiyoyi da safe, haddar aya, koyon sana'a kamar yin sabulu da ɗinki, ƙwallo da la'asar in sama ta bari, sujada da dare. Ana karɓe wayoyi ranar farko a sa a akwati, kuma kukan da ake yi a kan haka ba ya wuce kwana ɗaya. Dokar da ba a sassautawa ko kaɗan ita ce ta kududdufi. Haƙar kuza ta zamanin Turawa ta bar ramuka masu zurfi ko'ina a tudun nan, damina ta cika su, ruwan ya kwanta lumui kamar ba komai, kuma irinsu sun sha cin yara. Duk wanda aka gani ya nufi can, ranar zai koma gida.

Sai dai abin da ya fi zama a zuciyar yaran ba ya cikin takardar tsarin yini. Gidan nan mai ɗaki uku ne. A watan Agusta ba a rufe ƙofarsa. Wanda zazzaɓi ya kama, a falon ake kwantar da shi. Wanda ya ɓatar da takalmi, can zai je. Mai wa'azin da aka gayyato daga birni a ɗakin yaran gidan yake kwana, su kuma su koma ƙasa a ɗakin iyayensu. Babbar 'yarsu, wadda ita ma shekarunta na shiga sansani ne, rabin nazarin safe yakan wuce ta tana wanke-wanke. Autan kuwa daga bayan wannan zuwa bayan waccan yake yini, har sai dare ya yi a shiga cigiyar wanda ya goya shi.

Na ga yadda ɗansu na tsakiya ya zo da littafin makarantarsa yana so ya nuna wa mahaifinsa wani abu. Ya tarar da shi a kan benci da wani saurayi, kai a sunkuye, ana magana ƙasa-ƙasa. Yaron ya tsaya daga nesa, ya jira, ya sauya ƙafa, ya sake jira, daga baya ya naɗe littafin ya juya. Ba wanda ya kore shi. Ya dai riga ya san cewa a wannan wata mahaifinsa uban kowa ne. Ga kuma nauyin da ake ɗora wa ɗan fasto ko'ina: in wani yaro ya yi ƙiriniya a ce yaro ne, in shi ya yi a ce "kai ma?" Baba da Mama sun san da wannan. Shi ya sa bayan an kashe janareta suke tara 'ya'yansu a ɗaki, su yi addu'a da harshensu na gida, kowa ya faɗi yadda ya yini. Wani dare a samu a gama, wani dare a ƙwanƙwasa taga tun ba a yi nisa ba.

Masu ƙwanƙwasawar kuma ba da wasa suke zuwa ba. Tun rikicin Jos na Satumban 2001 an haifi zuriya guda da ta tashi tana jin ƙarar bindiga. A cikin yaran nan akwai na Riyom da Barkin Ladi da Bassa da Mangu, akwai waɗanda harin jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos ya raba da gida ko da iyaye. Akwai 'yan birni da suka fara taɓa tiramol da goskolo, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 amma bai ɓace daga unguwanni ba. Da rana duk ɗaya suke a filin ƙwallo. Sai dare ya raba sannan wani zai zo ya ce, "Baba, ina so in yi magana da kai." 'Yan mata kuwa wajen Mama suke zuwa, galibi a madafa, suna taya ta tsince wake don kada a lura. A nan take jin labarin wadda ta fara al'ada ba wanda ya taɓa yi mata bayani, da wadda wani babba ke biya wa kuɗin makaranta yana neman lada a jikinta, da wadda kawunta ke so ya aurar. Tana da ledar audugar mata a ƙarƙashin gado wadda ta saya da kuɗin kajinta.

Kowace shekara ba a rasa nazari a kan Yusufu da 'yan'uwansa da suka sayar da shi, da yadda ya karɓe su a Masar. Koyar da gafara ga yaron da ya ga an ƙone gidansu abu ne mai nauyi, kuma Baba ba ya gaggawa da shi. Ba ya ce wa yaro ya manta, ba ya kuma ce masa abin da aka yi musu ba laifi ba ne. Amma akwai wata Bafulatana daga rugar da ke bayan dutse wadda ke kawo nono gidan tun kafin a haifi autansu. Da hantsi za ta sauke ƙwarya a bakin madafa, Mama ta ce, "Sannu da zuwa ƙawata, yaya yara, yaya shanu?" Su yi ciniki, su yi gardamar ludayi, a zuba mata koko ta sha kafin ta tashi. Duk wannan a idon yaran ake yi. Wata safiya wani saurayi ya ture kwanonsa da ya ga daga inda nonon ya fito. Mama ba ta yi masa faɗa ba, ta ɗauke kwanon ta kawo masa shayi. Da yamma aka gan shi shi da Baba suna gyaran shingen gona, sun daɗe a can. Ko ya sha nonon kafin ya tafi ko bai sha ba, ya dai ga Kirista da Bafulatana suna dariya a kan ƙwarya ɗaya, abin da wataƙila bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

A ganina wannan shi ne babban aikin wurin. Wa'azi suna ji a ikilisiyoyinsu kowane mako. Abin da da yawansu ba su samu ba shi ne su zauna kusa da gida mai zaman lafiya su ga yadda yake tafiya: miji ya ɗauki gatari ya faskara wa matarsa itace ba ya jin ya faɗi, su saɓa a kan yawan gishiri ko kuɗin gawayi su shirya ba zagi ba duka, uba ya ce wa 'yarsa "yi haƙuri" idan ya yi mata ba daidai ba. Gani ya kori ji.

Shi ya sa abin da ke damuna yake damuna. A takardar ikilisiya ma'aikaci ɗaya ne a wannan fili, albashi ɗaya ake biya, shi ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Amma masu aikin mutum biyu ne, har da 'ya'yansu. Ranar rufe sansani akan kira Mama gaba a tafa mata, wani lokaci a ba ta turmin atamfa, kuma tana karɓa da murna. Tafi ba ya biyan kuɗin makarantar 'yarta. Ikilisiyar da ke iya tara baiko don sayen kayan kiɗa tana iya yanka wa matar nan haƙƙinta a kasafi, ta ɗauki mai taya ta aiki a watan Agusta, ta gina ɗakin baƙi ko guda ɗaya don yaran gidan su kwana a gadonsu. Kuma ya kamata a aiko wani ya riƙe wurin na ɗan lokaci a Satumba, iyalin su je garinsu su huta.

Ranar Asabar da safe ake mayar wa kowa wayarsa, a share ɗakuna, motoci su zo. Idan rukunin ƙarshe ya tafi, aikin Baba bai ƙare ba. Yana da wani littafi da yake rubuta sunan duk yaron da ya zo masa da matsala, da sunan fastonsa. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, wanda abin nasa ya yi tsanani kuma ya hau babur ya je har ƙauyensu ya zauna da dattawa. Maganar 'yan matan Mama ce ke bi, ta hannun shugabannin Zumunta, domin akwai abin da ba za a faɗa wa namiji ba. Ana cikin haka makarantu za su buɗe, ga gonar gefen fili da ciyawa ta rufe, ga kwanon ɗakin maza da ya yi yoyo duk damina yana jiran kwamiti ya zauna a kansa kafin taron matasa na Disamba.