Yadda karanta ƙwayoyin halittar tumatir ya sauya aikin samar da iri

Manoman rani a Kano da Kaduna ba za su manta da shekarar 2016 ba. Wata 'yar tsutsa da suka laƙaba wa suna Sharon ta afka wa gonakin tumatir, tana cin ganye ta ciki tana huda 'ya'yan, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi.

Tsutsar, wadda masana ke kira Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta fito, kuma can ne asalin tumatir ɗin kansa. Har yau dangin tumatir na daji suna tsirowa a yankin tsaunukan Andis, a ƙasashen Peru da Ekwado. 'Ya'yan wasunsu ƙanana ne, kore shar, ba sa ciwuwa. Amma ganyensu na da gashi mai fitar da sinadarin da ƙwari ba sa so.

Matsalar ita ce, idan aka yi barbarar na daji da na gona, halin kirki da na banza tare suke tahowa. A da sai an shuka, a jira, a zaɓa, a sake shukawa, shekara da shekaru.

A watan Mayun 2012 masana fiye da 300 daga ƙasashe 14 suka wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin halittar tumatir a mujallar Nature. Sun yi aikin kan irin Heinz 1706, inda suka gano ƙwayoyin gado kimanin 35,000. Yanzu mai samar da iri zai tsinki ɗan ganye tun shuka na reno, ya gwada DNA ɗinsa, ya san ko ta gaji halin da yake nema. Wadda ba ta gada ba ya zubar, ba sai ya ɓata damina a kanta ba.

Ga masu fargabar irin da aka jirkita wa halitta, wannan hanya daban ce. Barbara ce irin ta da can, sai dai an daina lalube cikin duhu. Da ita ake sa wa sababbin iri juriyar cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa, juriyar da aka samo daga dangin daji.

Binciken ya kuma tona wani asiri. Masu cewa tumatirin yanzu salam yake a miya ba su yi ƙarya ba. A 2017 ayarin Farfesa Harry Klee na Jami'ar Fulorida ya nazarci iri 398, ya nuna cewa garin neman manyan 'ya'ya da yawan amfani an yi asarar sinadaran ƙamshi da zaƙi. A 2019 wani nazarin kan iri 725 ya gano ƙwayoyin gado kusan 5,000 da babu su a taswirar farko.

Sharon kuwa ta fi wuyar sha'ani, domin juriyar ƙwari ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da ita ba. Ga kuma zafi: idan rana ta ƙwalle a Maris da Afrilu furen tumatir kakkaɓewa yake yi, kuma irin da aka tace don gonakin Turai ba lallai ya jure ba. Sai an gwada shi a fadamun Kadawa tukuna kafin a ce wa manomi ya saya.