Pensakola, makarantar matuƙan jiragen sama na sojan ruwa

Titin da jirgin sama yake sauka a filin jirgi na babban gari yakan kai tsawon kilometir uku. Titin nan shimfiɗe yake bisa ƙasa, ba ya motsi. Amma akwai waɗansu matuƙa da filin saukarsu yake yawo a tsakiyar teku. Su ne matuƙan sojan ruwa. Suna tashi daga doron wani babban jirgin ruwa, su je aiki, su komo su sauka a bisansa. Jirgin ruwan nan tsawonsa kamar metir 330 ne, wato filin ƙwallo uku a jere. Igiyar ruwa tana ɗaga shi tana sauke shi. Matuƙin da ya yi kuskure kaɗan, teku ce take jiransa. Saboda haka aikin yana da makarantarsa ta musamman. A ƙasar Amurka, uwar makarantun nan tana garin Pensakola, cikin jihar Fulorida, a bakin Tekun Meziko.

Yadda aka kafa ta

Da farko wurin ba na jiragen sama ba ne. A shekarar 1826 aka fara gina ma'aikatar gyaran jiragen ruwan yaƙi a can. Aka ƙone ta a 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka. Aka sake gina ta, guguwa ta ɓata ta a 1906, daga baya aka rufe ta a 1911.

A shekarun nan ne jirgin sama ya fara bayyana. A 1910 wani matuƙi mai suna Yujin Ili ya tashi da jirginsa daga bisa jirgin ruwa. A 1911 kuma ya sauka bisa wani. An ɗaura ƙugiya a ƙarƙashin jirginsa, an gitta igiyoyi a doron jirgin ruwan, kowace igiya da buhunan rairayi a bakinta biyu. Da ƙugiyar ta kama igiyoyin, nauyin rairayin ya tsai da jirgin. Shugabannin sojan ruwa suka gane cewa abu ne mai yiwuwa, sai dai a nemi wurin koyar da mutane.

Suka zaɓi Pensakola don dalili uku. Akwai wani lungun teku mai faɗi wanda ruwansa yake kwance, jiragen lokacin nan kuwa bisa ruwa suke tashi, bisa ruwa suke sauka. Wurin ba ya da sanyi mai tsanani, ana iya tashi kusan kowane wata. Ga kuma tsofaffin gine-gine zaune babu mai aiki da su. A watan Janairu na 1914, hafsoshi 9 da ƙananan sojoji 23 suka iso da jiragen sama 7. A cikin tantuna suka ajiye jiragen, a bakin gaɓa. Jiragen katako ne da ƙyalle, ba su da ƙarfi. Wata guda bayan isowarsu, wani matuƙi ya faɗa ruwa da jirginsa, ya rasu. Duk da haka ba a bar aikin ba. A 1915, a ruwan Pensakola, Hanri Mastin ya zama mutum na farko da aka cilla da majaujawa daga jirgin ruwa mai tafiya.

Yaƙe-yaƙe suka sa makarantar ta girma. Kafin yaƙin duniya na farko ya ƙare a 1918, ta horar da matuƙa wajen 1,000. A yaƙin duniya na biyu, cikin shekarar 1944 kaɗai, an horar da fiye da 12,000. Jesi Buraun, ɗan wani talakan manomi, ya yi horo a nan. A 1948 ya zama baƙar fata na farko da ya gama horon matuƙin sojan ruwan Amurka. Nil Amsturon, wanda ya fara taka wata a 1969, shi ma a nan ya yi horon matuƙin sojan ruwa.

Yadda ake koyarwa

Ɗalibi ba ya fara da shiga jirgi. Da aji yake farawa. Yana koyon yadda iska take ɗaukar fiffike, da yadda inji yake aiki, da halin gajimare da hadari, da lissafin hanya. A tsakiyar teku babu dutse, babu itace, babu gari da mutum zai yi alama da shi. Wanda ya kasa lissafi ba zai gane inda jirgin ruwansa yake ba, mai kuwa yana ƙarewa.

Daga aji sai ruwa. Dole kowane ɗalibi ya iya ninƙaya sanye da kayan aikinsa. Akwai wani akwatin ƙarfe mai kama da cikin jirgi mai saukar ungulu. Ɗalibai su shiga, su ɗaura ɗamara, a sauke akwatin cikin tafki, ya kife da su. Sai kowa ya kwance ɗamararsa, ya lalubi taga, ya fito. Ana sake yi idanu a rufe, don hatsari yakan faru da dare. Wanda ya saba da wannan a tafki, ba zai ruɗe ba ranar da abin ya same shi a teku.

Bayan haka ɗalibi ya wuce wani fili, kusa da Pensakola ko a jihar Tekzas, ya fara tashi da ƙaramin jirgi, malaminsa yana zaune a bayansa. Daga nan a raba su: waɗansu jiragen yaƙi masu sauri, waɗansu masu saukar ungulu, waɗansu manyan jiragen sintiri. Wanda ya gama, a liƙa masa lambar fukafukan zinariya a ƙirji.

Sauka bisa jirgin ruwa ita ce mafi wuya. Ana fara gwada ta a ƙasa, inda aka zana siffar doron jirgin ruwa bisa titi. Dabarar Ili ce har yanzu, sai dai igiyoyin sun zama na ƙarfe, uku ko huɗu, kuma inji ne yake riƙe su. Jirgi yana zuwa da gudun kilometir 240 a awa, igiya ta tsai da shi cikin daƙiƙa biyu. Da ƙafafun jirgi sun taɓa doro, matuƙi yakan ƙara wuta gaba ɗaya. Dalili kuwa, in ƙugiya ta kuskure igiya, yana da ƙarfin sake tashi. Daga 1962 zuwa 1991, wani jirgin ruwa mai suna Lekzintan yana Pensakola don wannan gwaji.

Ba matuƙa kaɗai ake horarwa a Pensakola ba. Akwai masu lura da hanya da na'urori a cikin jirgi, da makanikai, da masu naɗe laimar tsira. Ran matuƙi yana hannunsu. Ƙusa guda da makaniki ya manta bai ɗaure ba tana iya kada jirgi.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka zaɓi Pensakola?
2. Shekara nawa ne tsakanin fara ginin ma'aikatar da isowar jiragen sama na farko?
3. Don me ake rufe wa ɗalibai idanu a cikin tafki?
4. Me ya sa matuƙi yake ƙara wuta sa'ad da yake sauka bisa jirgin ruwa?