Hanyar Garatu Ce Ma'aunin 'Yan Takara

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, Garatu gari ne na manoman doya a kan hanyar Minna zuwa Bida. Duk ɗan takarar da ya zo, gyaran wannan hanya yake fara ambata, sa'an nan ya lissafa muƙaman da ya riƙe.

To, Gwamna Abubakar Sani Bello ya ƙaddamar da aikin a 2020, ya sauka a 2023 ba a gama ba, alhali ya shekara 8 a kan mulki. Lalacewar hanya kuwa manomi take ci, domin kuɗin mota daga kuɗin doyarsa ake cirewa.

Saboda haka in kun zo gida zaɓe, ku tambayi ɗan takara aikin da ya taɓa gamawa.