Tauri da Ƙarfi: Bayani a kan Ƙarfe da Zaɓen Rodin Gini

1.0 Gabatarwa

Wani ɗan'uwana ya tashi gina bene a garinmu. Injiniya ya zana masa rufin kankare na falo mai faɗin mita 4, ya rubuta a sa rodi mai kaurin milimita 12, kaurin kankaren kuma ya zama santimita 15. Da ya je kasuwa sai mai shago ya ce masa: “Alhaji, akwai sabon rodi da ya fi wanda aka rubuta maka ƙarfi. Ka ɗauki na 10, zai yi maka aikin na 12, kuma ka rage kuɗi.” Ya saya. Ranar zuba kankare kuma siminti ya yi ƙaranci, aka tsaya a santimita 12. Bayan damina biyu sai tsakiyar rufin ya lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a kai, tsaga ta bayyana daga ƙasa. Bene na biyun da ya yi niyya har yau bai hau ba.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce rodin ya fi ƙarfi. Kuskuren ya faru ne wajen kalma. A Hausar yau da kullum, idan muka ce abu yana da ƙarfi, muna iya nufin ba ya lanƙwasa, ko ba ya karyewa, ko yana daɗewa bai lalace ba. A ilimin gine-gine kuwa kowanne daga cikinsu hali ne mai zaman kansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta rarrabe waɗannan halaye, sannan ta nuna yadda rarrabewar ke taimakon mai sayen rodi.

2.0 Ma'anar kalmomi

Za a yi amfani da kalmomi uku a nan, kowace da ma'ana guda.

Tauri shi ne yadda abu ke ƙin miƙewa ko lanƙwasa sa'ad da aka ɗora masa nauyin da bai fi ƙarfinsa ba. Idan an sauke nauyin zai koma yadda yake.

Ƙarfi shi ne iyakar nauyin da abu zai ɗauka kafin ya miƙe miƙewar da ba ya komawa.

Danƙo shi ne yadda abu ke ci gaba da miƙewa bayan ya wuce wannan iyaka, ba tare da ya tsinke nan take ba. Kishiyarsa ita ce gautsi.

Alal misali, gilashi yana da tauri amma gautsi gare shi. Igiyar roba ta majajjawa ba ta da tauri, yaro ma yana ja ta miƙe. Wayar tagulla kuwa danƙo gare ta, ana murɗa ta ba ta karye ba.

3.0 Taurin ƙarfe

A shekarar 1678 wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya wallafa wata ƙa'ida: miƙewar abu tana tafiya daidai da nauyin da aka rataya masa. In an ninka nauyi, miƙewa ta ninka. Daga baya, a 1807, Thomas Young ya yi bayanin lambar da ake auna wannan hali da ita, shi ya sa har yau ake kiranta da sunansa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne megafaskal. Megafaskal ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 10 a kan murabba'in santimita ɗaya.

Lambar taurin katako tana wajejen 10,000, ta kankare wajejen 30,000, ta alminiyam 70,000, ta ƙarfen gini kuwa kimanin 200,000. Abin lura a nan shi ne, wannan lamba ta ƙarfe kusan ba ta sauyawa. Rodi mai araha da mai tsada, na gida da na waje, mai santsi da mai kaushi, duk taurinsu guda ne. Dalili kuwa shi ne, tauri yana fitowa ne daga yadda ƙwayoyin zarra na baƙin ƙarfe ke riƙe da juna, kuma fiye da kashi 97 cikin ɗari na kowane rodi baƙin ƙarfe ne. Ɗan sinadarin kabon da manganis da ake ƙarawa, da yadda ake sanyaya rodi a masana'anta, suna sauya ƙarfinsa da danƙonsa, amma ba su kai ga taɓa taurinsa ba.

Mu ɗauki misali. Sandar rodi ta milimita 12 tana da faɗin baki na murabba'in milimita 113, tsawonta kuma a kasuwa mita 12 ne. Idan aka rataye ta aka ɗaura mata nauyin tan ɗaya, za ta miƙe da kimanin milimita 5. Ko wane iri ce, milimita 5 ɗin ne. Bambanci sai an ci gaba da ƙara nauyi. Mai lamba 250 za ta sallama a wajejen tan 2.9, mai lamba 400 a tan 4.6, mai lamba 500 kuwa sai an kai tan 5.8. Ke nan lambar da ake gani a takardar rodi ta ƙarfi ce, ba ta faɗin komai game da tauri.

A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa za a ga an rubuta FeE400 ko FeE500 a zanen gini, sandar kuma a rubuta ta HA12. A Nijeriya da Gana, inda aka bi tsarin Ingila, an saba da lamba 460 da rubutun Y12, kodayake ita Ingilar ta koma lamba 500 tun 2005. Rubutun ne ya bambanta, ma'anar guda ce.

4.0 Aikin rodi a cikin kankare

Hausawa na cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kankare yana jure danniya ƙwarai, amma in aka ja shi sai ya tsage, domin abin da yake jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na danniya ba. Ƙarfe ne ke cike masa wannan giɓi. Joseph Monier, wani mai aikin lambu a Faransa, yana cikin waɗanda suka fara haɗa su, inda a 1867 ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki. Abin da ya sa zamansu ya yi daɗi shi ne, zafi yana buɗa su kusan daidai wa daida, don haka ranar bazara ba ta raba su.

Idan rufi ya ɗauki nauyi, samansa yana matsewa, ƙasansa yana buɗewa. Saboda haka a ƙasa ake shimfiɗa rodi. Baranda da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta kuwa, samanta ne ke buɗewa, don haka rodinta a sama yake. Da yawa daga barandun da ke faɗuwa, ma'aikata ne suka tattake rodin ya koma ƙasa lokacin zuba kankare.

Abubuwa uku ne ke hana rufi lotsawa. Na farko kaurin kankaren. Kowa ya san katako in aka kwantar da shi yana lanƙwasa, in aka tsayar da shi a kan gefensa sai ya ƙi. A lissafi, ninka kauri sau biyu yana ƙara tauri kusan sau takwas. Na biyu tazarar da ke tsakanin bango da bango. In aka ninka tazara, kauri da nauyin kowace mita suna nan yadda suke, lotsawa tana ƙaruwa har sau goma sha shida. Maginanmu na gargajiya sun san haka, shi ya sa ba sa shimfiɗa azara a ɗaki mai faɗi sai sun raba tazarar da ginshiƙi ko bakan gizo. Na uku yawan ƙarfen da ke ciki, wato jimillar faɗin bakin sandunan.

Yanzu mu koma ga rufin ɗan'uwana. Faɗin bakin rodi na 10 murabba'in milimita 78.5 ne, na 12 kuma 113. Ya rasa kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen ke nan. Hawa daga lamba 400 zuwa 500 ya ƙara masa kashi 25 na ƙarfi a kan abin da ya rage, wanda bai ma mayar da asarar ba, tauri kuwa bai ƙara masa ko kaɗan ba. Rage kankare daga santimita 15 zuwa 12 kuma ya zubar da kusan rabin taurin rufin. Har ila yau kankare yana da halin ci gaba da lotsawa a hankali cikin shekaru, har ya ninka lotsawar farko sau biyu ko uku. Wannan ne ya sa aibin bai fito ba sai bayan damina biyu. Ƙa'idar gini ta Turai ba ta yarda lotsawa ta wuce kashi ɗaya cikin 250 na tazara ba, wato milimita 16 a falo mai mita 4.

5.0 Gwajin da ake yi a kasuwa

Sau da yawa mai saye yakan kama bakin rodi ya girgiza, ko ya taka ya lanƙwasa, in ya ji ya yi masa gardama sai ya ce mai kyau ne. Wannan gwaji yana da ruɗi ta fuska biyu. Girgizawa kauri kawai take nunawa, domin sanda ta 12 ta ninka ta 10 wuyar lanƙwasa sau biyu ko da daga tukunya ɗaya aka zubo su. Sannan rodin da ya ƙi lanƙwasuwa sam, mai yiwuwa kabon ne ya yi masa yawa, kuma irin wannan gautsi gare shi. Ƙa'idar Ingila ta kayyade kabon a rodi kada ya wuce kashi 0.22 cikin ɗari.

Amfanin danƙo shi ne gargaɗi. Ginin da rodinsa ke da danƙo, in nauyi ya fi ƙarfinsa, zai lotsa ya tsage, mutanen gida su gani su fita. Mai gautsi kuwa a lokaci guda yake ruftawa.

Yawancin rodin da ake yi a yankinmu daga tsofaffin ƙarafan da ƴan gwangwan ke tarawa ake narka shi. Wannan a kan kansa ba aibi ba ne, domin a Turai ma haka ake yi. Aibin yana zuwa ne idan masana'anta ba ta auna abin da ke cikin narkakken ƙarfen ba, ko ta rage kaurin sanda da gangan. Rodin da aka sayar da sunan na 12 alhali na 11 ne, ya rasa kashi 16 cikin ɗari na ƙarfensa, kuma ido ba ya ganewa.

6.0 Abubuwan da mai saye zai kula da su

(a) A bi abin da injiniya ya rubuta: kauri, lamba, da tazarar sanduna. Idan ba a sami irin wanda ya rubuta ba, a koma gare shi ya sake lissafi.

(b) A auna da sikeli. A yanki mita ɗaya a ɗora. Na 8 ya kamata ya yi giram 395, na 10 giram 617, na 12 giram 888, na 16 kilo 1.58. Cikakkiyar sanda ta 12 ta ɗan haura kilo 10 da rabi, wato kimanin sanduna 94 a tan ɗaya. In ragin ya wuce kashi 5 cikin ɗari a sanda ta 10 zuwa sama, a bar ta.

(c) A lanƙwasa guntu a jikin ƙarfe mai kaurin da ya ninka nasa sau huɗu, in sandar ba ta wuce ta 16 ba. A duba bayan gwiwar. In ta tsage, ba ta cancanci shiga gini ba. Kada a gasa rodi a wuta don ya yi saukin lanƙwasa, domin wuta tana ɓata ƙarfin da aka ba shi a masana'anta.

(d) A duba kaushin jikinsa. Waɗannan ƴan kunyoyi su ne ke sa kankare ya riƙe shi. Tsatsa ta sama-sama ba ta da illa, amma wadda ke ɓarewa ta ci jikin ƙarfe, da mai ko laka, dole a kawar da su.

(e) A nemi takardar gwaji daga mai sayarwa. In ginin bene ne, a kai guntaye ɗakin gwajin kayan gini a ja su a inji. Kuɗin gwajin bai kai na ƴan sanduna kaɗan ba.

(f) Ranar zubi a tabbata an ɗaga rodi da ƴan guntayen kankare, ya sami lulluɓi na santimita 2 zuwa 3 a rufi da ginshiƙi, da santimita 5 ko fiye a harsashi. Rodin da ke kusa da iska yana tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa kankare.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa taurin ƙarfen gini guda ne a kowane rodi, abin da ke bambanta shi ne ƙarfi da danƙo da cikar kauri. Rodi mai babbar lamba yana da amfaninsa, domin a hannun injiniya yana iya rage yawan ƙarfe da cunkoso a ginshiƙi, amma sai ya sake duba lotsawa da tsaga kafin ya amince. Wanda ke son rufinsa ya tsaya a miƙe, kaurin kankare da tazara da yawan ƙarfe zai kula da su.

Ga ɗaliban harshe kuma akwai aiki a nan. Mafi yawan magina da masu ɗaurin rodi da masu shago a garuruwanmu da Hausa suke ciniki. Muddin kalmar “ƙarfi” ce kaɗai ke ɗauke da ma'anoni uku, irin kuskuren da aka ambata a farko zai ci gaba da faruwa. Yana da kyau ɗalibi ya je wurin da ake gini, ya saurari kalmomin da ma'aikata ke amfani da su, ya rubuta su, ya gwada su da ukun da aka kawo a sashe na 2.0, ya ga inda suka dace da inda suke buƙatar gyara.