Jitar da ba ta tayar da Baba daga barci

Duk wanda ya taso a gidan Hausawa a nan Ingila ya san akwai kayan da ba a shigo da su ta ƙofar gaba da rana tsaka. Jita tana cikinsu. Iyayenmu, daga Kano suka zo ko Damagaram ko zangon Kumasi, sun taho da ra'ayinsu a kan kiɗa: a saurara, a ji daɗi, a yi wa makaɗi liƙi a wajen biki, amma ɗan gida ba ya zama makaɗi. Kiɗa gado ne, kuma ba gadonmu ba ne. Babana zai tuƙa mota daga Landan har Manchesta kaset ɗin Shata na juyawa, yana kaɗa kai, amma ka ce masa kana son koyon kiɗa ka ga yadda fuska za ta canza.

To duk da haka ina da jita, kuma ta kusa shekara ashirin a hannuna. Fender Stratocaster ce, baƙa mai farin faranti a ƙirji, ƙirar masana'antarsu ta Ensenada a Meksiko. Ta hannu na saya a 2006 a Denmark Street, layin nan na masu kayan kiɗa a tsakiyar Landan, da kuɗin da na tara ina jera kaya a kanti ranakun Asabar. Abokai kan tambaye ni me ya sa ita, me ya sa ban fara da jitar katako mai rami ba kamar kowa, tunda ta fi araha kuma ba ta buƙatar wuta. Amsar farko ba ta burgewa ko kaɗan: saboda ba ta da murya.

Jita mai rami akwati ce, ita ke ƙara wa kanta sauti. Ka taɓa ta a ɗaki, wanda ke kicin ya ji. Ita kuwa wannan gangar jikinta tsagwaron katako ne, babu rami babu komai. In ba ka haɗa ta da amfilifaya ba, ƙararta ba ta wuce kukan sauro ba. Mu kuwa a gidan kansil muke, bango kamar takarda, Baba yana aikin dare yana barci da rana. Na yi wajen shekara biyu ina koyo da abin ji a kunne, jitar na kwana ƙarƙashin gado cikin jakarta. Umma ta sani, don babu abin da ke shiga gidan nan ba ta sani ba, ta dai ce min, "Ka bi a hankali da babanka," ba ta ƙara ba.

Abin dariyar shi ne waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan jita ƙara suke nema. A shekarun 1930 da 1940 masu jita a Amurka sun sha wahala a cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa, ganguna da ƙahonni sun danne su. In suka ƙure amfilifaya, sai ramin jitar ya kama sautin lasifika ya mayar, a ji wata kuwwa mai tsaga kunne. Maganin shi ne a cire ramin gaba ɗaya. Les Paul ya gwada da wani guntun katako da ya ɗaura wa wuya da tsirkiya. Leo Fender kuma, a garin Fullerton na Kalifoniya, ya fitar da tasa kasuwa a 1950, wadda aka sa wa suna Telecaster a 1951. Gibson suka biyo baya da Les Paul a 1952, sannan Stratocaster ta fito a 1954. Har yau siffarta ba ta canza sosai ba. Ka ajiye ta 1954 kusa da tawa, daga nesa sai ka ce wa da ƙanwa.

Shi Leo Fender ba makaɗi ba ne, bai ma iya jita ba. Mai gyaran rediyo ne. Wannan ya kawo ni ga dalili na biyu, wanda ban san da shi ba ranar da na biya kuɗi.

Babana ma gyaran rediyo da talabijin ya koya a Kano kafin ya zo nan. Wata rana jitar ta fara ƙarar tartsatsi duk lokacin da na motsa waya. Na kwance ta a kan gado, na buɗe, ina kallon wayoyi kamar mai duba, sai ga Baba a bakin ƙofa. Na tsaya ina jiran hukunci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Miƙo min nan." Ya juya ta, ya leƙa, ya yi tsaki. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya yi wani liƙin dalma na ganganci, wayar ta saki. Ya aike ni in ɗauko akwatin kayan aikinsa. Cikin minti goma ya gama, amma bai mayar min ba, sai da ya kwance farantin duka ya ga cikinsa.

"Kai, wannan ai rediyo ce aka yi wa wuya," in ji shi.

Shi ya yi min bayanin abin da nake kaɗawa shekara biyu ban sani ba. Abubuwan nan uku da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, waɗanda ake kira fikof (ba motar a-kori-kura ba), kowanne maganaɗisu ne guda shida da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na girgiza a kansu, sai a samu 'yar wutar lantarki mai bin girgizar, amfilifaya ta ɗauka ta girmama. Gurnanin da nake ji ko ban taɓa komai ba kuwa, ya ce wutar gida ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa take shiga naɗin. Ya matsar da makunnin zuwa tsakanin fikof biyu, gurnanin ya ɗauke, don a irin tawa na tsakiya an naɗe shi a juye. Wuyan kuma kusoshi huɗu ne kawai ke riƙe da shi, in ya lalace ka kwance ka ɗaura wani. Wannan ya fi komai burge shi. Ya ce wanda ya ƙera abin nan ya taɓa zama a shago yana jiran mai kaya ya dawo karɓa.

Bai ce ya yarda ba. Bai kuma ce in fitar da ita ba. A gidanmu wannan izini ne.

Lokacin da na fara, Hendrix nake kwaikwayo kamar kowane yaro, shi da ya kasance bahago ya juya jitar 'yan dama ya yi abin da ya yi a Woodstock a 1969. Sai Mark Knopfler, sai Nile Rodgers. Ina son su har gobe, amma a raina ina ganin abin nasu ne, ni ɗan aro ne. Tinariwen suka fara warware min wannan. Na ji faifansu Aman Iman na 2007, na ga mutane da rawani da manyan riguna irin na kawunnaina suna rataye da jitar lantarki. Daga baya Bombino na Agadas, sai Mdou Moctar, shi ma bahago mai Stratocaster, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke don gidansu ba sa son kiɗa. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma bazu daga waya zuwa waya kafin wani kamfanin waje ya san da shi.

Kada wani ya ce na ce kiɗan Hausa ne. Na Abzinawa ne, da harshensu da tarihinsu. Maƙwabta ne dai, kasuwa ɗaya ake ci. Abin da na koya daga gare su shi ne a bar tsirkiya ɗaya tana amo a ƙasa, yatsu na yawo a sama. Daga nan na koma kan kaset ɗin Ɗan Maraya Jos na Baba. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwani da aka rufe da fata, sautinta siriri mai kaifi. In ka zaɓi fikof na can ƙasa kusa da gindin tsirkiyoyi, ka danne su kaɗan da gefen tafin hannu, Stratocaster tana kusantar wannan kaifin fiye da yadda za ka zata. Ba ta kai ba, saurin hannun marigayin ba wasa ba ne, amma ranar da Baba ya ji ina gwadawa ya tsaya a ƙofa ya ce min na yi gaggawa a wuri kaza.

Akwai masu raina ta Meksiko. A wajensu in ba wadda aka ƙera kafin kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 ba, to ba a yi jita ba. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour an yi gwanjonta a 2019 a kan dala miliyan 3.9 da ɗoriya. Allah ya ba mai rabo. Na taɓa riƙe wata tsohuwa a shago, mai shagon na tsaye a kaina kamar na ɗauki jaririnsa, kuma wallahi tana da daɗi a hannu. Amma ba zan iya kwance ta a kan gado da sukundireba ba, ba zan iya ba ɗiyar yayata mai shekara tara ta ja ta a ƙasa ba. Tawa fentinta ya goge inda hannu ke gogawa, an sake mata ƙarafunan wuya sau ɗaya, liƙin dalmar Baba kuwa yana nan bai taɓa saki ba.

Yanzu nakan yi wasa da wasu abokai biyu, ɗaya ɗan Gana ɗaya ɗan Sudan, a ƙananan wurare a kudancin Landan. Umma ta zo sau ɗaya ta zauna a baya da mayafinta. Baba bai taɓa zuwa ba. In abokansa a masallaci suka tambaye shi me yaron nan yake yi da yamma, cewa yake, "Yana ɗan taɓa harkar lantarki."