Sirrin da jikokin 'yan ci-rani suka tona

A shekarun 1960, masu bin diddigin cututtuka sun ci karo da abin ɗaure kai: sankarar mama a tsakanin matan Amurka ta ninka ta matan Japan kusan sau biyar. To, me yake tsare matan Japan?

Zargin farko ya faɗa kan lissafi. Wataƙila asibitocin Japan ba sa gano cutar ne. Amma ko a rajistar mace-mace ma giɓin yana nan, kuma mutuwa ba ta ɓuya.

Sai aka koma kan gado, aka ce abin a jini yake. Nan tarihi ya kawo shaida. Tun 1885 Japanawa suka riƙa kwarara zuwa Hawayi aikin gonakin rake, wasu suka zarce Kalifoniya, galibi kuma a junansu suke aure. Da gado ne, da zuriyarsu ta tsira. Ba haka aka gani ba. Cutar ta ƙaru a cikin 'ya'yansu mata, a jikoki kuwa ta doshi adadin turawan Amurka. Jinin bai sauya ba, zaman ne ya sauya.

Wane ɓangare na zaman? A 1970, binciken Brian MacMahon a ƙasashe da dama ya nuna cewa wadda ta yi haihuwar fari tana ƙasa da shekara 18, haɗarinta kusan sulusi ne na wadda sai da ta kai 35 ta yi haihuwar fari. A 2002, masana a Okusfod suka tattara bincike 47 daga ƙasashe 30: kowace haihuwa tana rage haɗarin da kashi 7 cikin ɗari, kowane wata 12 na shayarwa da kimanin kashi 4. Fara al'ada da wuri, jinkirin ɗaukewarta, ƙiba bayan ta ɗauke, shan giya da rashin motsa jiki duk suna ƙara shi. Akasarinsu hanyarsu ɗaya: tsawon shekarun da mama ke yi yana shan tasirin sinadarin istirojin.

Japan da kanta ta rufe shari'ar. Da aure ya yi jinkiri, haihuwa ta ragu, cima ta sauya, sai sankarar mama ta zama kan gaba a cikin sankarar da ke kama matanta.

Sai dai taswirar kamuwa daban, ta mutuwa daban. A Afirka ta Yamma ba a kamuwa kamar Turai, amma an fi mutuwa, domin sau da yawa sai ƙullutun ya fashe ake zuwa asibiti. Haihuwa da shayarwa suna rage haɗari ne kawai, ba sa hana zuwa a duba.