Me Ke Kada Jarumi A Wasan Kwaikwayo?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya rubuto cewa ɗansa da ke sakandare ya ba shi labarin wani wasan Turawa mai suna Makbet, inda jarumin ya mutu a wulaƙance. Yana tambaya, don me za a ɗaukaka mutum a wasa, sannan a kashe shi a ƙarshe?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Wannan irin wasa shi ake kira wasan ban tausayi, kuma ya samo asali tun zamanin Girkawa. Masaninsu Aristotal ya bayyana cewa jarumin irin wannan wasa ba waliyyi ba ne, ba kuma tantirin mugu ba. Babban mutum ne wanda kuskuren kansa ke kada shi.

Wilyam Shekspiya na Ingila, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616, shi ya rubuta Makbet wajen 1606. Makbet sarkin yaƙi ne a ƙasar Sikotilan, amintaccen Sarki Dankan. Ran nan wasu bokaye mata su uku suka tare shi, suka ce zai yi sarauta. Ka lura fa, ba su ce ya kashe kowa ba. Buri ne ya hana shi jira, matarsa kuma ta yi ta zuga shi. Sarki ya sauka gidansa baƙunta, shi ko ya bi dare ya kashe shi.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya sa aka kashe amininsa Banko, don bokayen sun ce zuriyarsa za ta gaji sarauta. Ya sa aka hallaka matar wani basarake Makdaf da 'ya'yansa. Matarsa ta zautu, tana tashi cikin barci tana wanke jinin da babu mai ganinsa sai ita, har ta mutu. A ƙarshe Makdaf ɗin nan ya sare kansa. Wato buri ya kai shi gadon sarauta, ƙiyayyar da ya shuka ta sauke shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ke nan.

A wani wasan nasa, Otelo, ƙiyayya ce kan gaba. Otelo baƙar fata ne, shugaban sojan birnin Benis. Ya ƙara wa Kasiyo girma ya tsallake Iyago, shi kuwa Iyago ya ƙullace shi. Ya yi makirci da wani hankici har Otelo ya yarda matarsa Dasdimona na cin amanarsa. Ya kashe ta ba ta ji ba ba ta gani ba, da gaskiya ta fito ya kashe kansa. Amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Otelo ya bincika kafin ya yi hukunci, da sharrin bai kama ba.

Saboda haka, Malam, ba a banza ake kashe jarumin ba. Ana so mai kallo ya tausaya masa, ya kuma tsorata, don abin da ya ci wannan babban mutum yana nan a rikicin gadon gona, da neman sarautar kasuwa, da sauraren ɗan tsegumi.

Da fatan ka gamsu. A gaishe mana da mutanen Dawanau.